Yadda Ake Haƙo Dukiyar Turkawa a Kangayen Tandabawi

Kai da ka zo Makka sauke farali ka wayi gari shekara tara ba takarda, ba kuɗin jirgi, matso kusa. Bi matakan nan shida, na yi maka alkawari sai ka tono azurfa da hannunka. Lurwanu mai ɗinkin takalma ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma ya tono. Shi ne misalinmu.

1. Nemi dalili mai taɓa zuciya

Na Lurwanu matarsa ce, Hure mai koko. Wasiƙa ta zo daga Haɗeja cewa tsohuwarta ta kwanta, kullum sunanta take ambata. Lurwanu ya ji tausayi ƙwarai, ya bugi ƙirji ya ce bana za su koma gida. A aljihunsa kuwa ba komai sai basilla.

2. Samo na'ura

Garba tsohon soja yana da irin wadda ake neman nakiya da ita a yaƙi, sanda mai faifai a ƙasa da abin sawa a kunne. Da ta ji ƙarfe sai ta kama tsuwa. Sharaɗinsa rabi da rabi. Kada ka yi ciniki. Mai jiran tulun da Turkawa suka binne ba ya zubar da girmansa a kan rabi.

3. Zaɓi kango

Manyan gidajen da aka rushe don faɗaɗa Harami cike suke da askarawa, kai kuma ba ka son tambaya. Hau tudun bayan Tandabawi, inda aka tashi bukkokin 'yan uwanmu bara. Kada ka tuna cewa da garwar kananzir muka gina su, bango da rufi. Lurwanu bai tuna ba, alhali shekara takwas ya yi a cikin ɗaya. Na'ura ta yi ta tsuwa daga hantsi har la'asar. A kwana huɗu ya samu buhu uku na tsatsa da kunne ɗaya da ya daina ji.

4. Saurari matarka, sannan ka yi akasin haka

"Malam, haƙa duk inda kake so," in ji Hure, "amma ka bar wajen tsohon murhuna. Wallahi kunamu ne katir a wurin, ba su ƙirguwa."

Sau uku ta faɗa. Mu masana mun sani kunama ba ta tarewa sai a kan dukiya. Washegari can ya nufa. Kamu biyu ya haƙa, sai ga tukunya, cikinta ƙunshi, cikin ƙunshin riyalan azurfa.

5. Raba nan take

Kada ka karanta rubutun jikin kuɗin. Kada ka tambayi kanka me ya sa suke ƙyalli, ko me ya sa suke warin tsamin gasara. Garba ya kwashi rabinsa, ya ce, "Mabaruk, ya shaihu," ya hau motar Jidda. Ko na'urarsa bai waiwaya ba.

6. Shiga gida da taƙama

Lurwanu ya kwaɗa sallama yadda maƙwabta za su ji, ya dire ƙunshin a gaban Hure.

"Haɗa kaya! Dukiyar Turkawa ce, ta fi shekara ɗari a ƙasa."

Ludayin hannunta ya faɗa cikin ƙwarya.

"Malam, tun yaushe Turkawa suke ɗaure kuɗinsu da ɗankwalina?"

Ashe kuɗin kokon da take sayarwa a Arfa duk aikin hajji ne take binnewa nesa da hannunsa, kuma bana ne ya cika kuɗin jirgin mutum biyu.

"Ina sauran?"

"Yana… yana hanyar Jidda."

Ta ɗauki ƙunshin, ta jijjiga shi a tafin hannu, ta daɗe tana kallon mijinta.

"Halas, shi ke nan," ta ce. "Wannan ya isa mutum ɗaya."

Gargaɗi

Azurfa na yi maka alkawari, ban ce ta wa ba. Duk wanda ya kurmance, ko kunama ta harbe shi, ko ya raka matarsa bakin teku ya dawo shi kaɗai, kada ya nemi ƙofata. Na'urar tana nan wajen Lurwanu, rabi da rabi. In za ka je karɓa, tafi masa da koko, yanzu ba mai dama masa.