Ƙofa ta Biyu a Gidan Surukina

Don kawai na taɓa jan motar siminti a Malbaza, sai na ɗauki kaina masanin sinadarai. Shi ya sa ranar da surukina ya koka cewa tsatsa ta cinye ƙofar ƙarfen gidansa a Konni, bakin iyakar Najeriya, na ce, "Baba, a bar mini ita."

Na sayo ruwan cire tsatsa, wanda ake kira asid fosforik. Har lacca na yi wa mutanen gida: shi ne ke ba baƙin lemun kwalba ɗan tsami, kuma in ya taɓa tsatsa sai ya mai da ita baƙin ɓawo mai kare ƙarfe. Duk gaskiya ne. Abin da ban sani ba, ni mutumin siminti, shi ne yana cin siminti.

Na kwantar da ƙofar bisa sabon daɓen simintin da Baba ke hana ko akuya takawa, na kwarara mata rabin jarka. Daɓe ya hau kumfa yana huci. Surukata ta ja da baya tana a'uziyya.

"Inna, aiki yake yi," na ce, na juye sauran.

Da muka ɗaga, ƙofa ta yi kyau, amma ga wata ƙofar sak a zane jikin daɓen, har da gurbin kwaɗo. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗaya na ba ka, ɗana. Wagga kuma ina ta nufa?"

Har yau, in na je gaisuwa, sai ƙannen matata su durƙusa su ƙwanƙwasa daɓen, su ce, "Injiniya, kawo makulli, za mu Najeriya ba tare da 'yan duwan, kwastan na bakin iyaka, sun gan mu ba."