Ni da Baba Filo

Ko da zan manta ranar da aka rantsar da ni likita, ba zan taɓa mantawa da safiyar jarrabawata ta tiyata ba, wadda na shiga a damar ƙarshe da dokar makaranta ta ba ni.

Bari in ɗan yi bayani saboda wanda bai san karatunmu ba. A makarantar likitanci ba a wucewa gaba a bar darasi a baya. In ka faɗi, a ba ka dama ka sake zama. Ka sake faɗuwa, ka maimaita shekarar ɗungurungum. In ka kuma, sai a yi maka fatan alheri a nuna maka ƙofa, ko da kuwa a ajin ƙarshe kake. Ita kanta jarrabawar kashi uku ce, ta takarda da ta baka da ta gefen gadon mara lafiya, kuma ko ka cinye makin takarda kaf, in ka gaza a gefen gado ka faɗi. Ni kuwa gwanin takarda ne, ba ni biro ka sha kallo. Amma da an tsayar da ni gaban majinyaci malami na kallona, sai duk abin da na sani ya ɓace mini. Haka tiyata ta kayar da ni, ta sake kayar da ni, na tsaya maimaita ajin ƙarshe.

'Yan ajinmu suka wuce. A waya na ga hotunan rantsuwarsu, har da Bulus, abokin karatuna tun aji ɗaya, wanda muke gwaji a jikin juna, yau ni ne mara lafiya gobe shi. Ya kira ni ranar na ƙi ɗauka. Ba haushinsa nake ji ba, ban dai san da wace murya zan ce masa barka ba.

A gidanmu na Ƙofar Ran kuwa, tun ina aji biyu ake kirana Likita. Da na faɗi ba wanda ya daina, sai ma aka ƙara wa sunan taushi, abin da ya fi zagi ciwo. Matan maƙwabta suka riƙa shigowa yi wa Inna jaje kamar an yi rashi. Sai na tattara littattafaina na koma wani ɗaki a gidan kawuna da ba a gama ginawa ba a Tirwun, tsakiyar gonakin masara. Na ce wa Inna shiru nake nema. Na kuwa same shi har ya yi mini yawa.

Sabon ajin da na faɗa, yaran da ke bayana ne, wasu ma ni na koya musu awon jini. Cif suke ce mini, yadda ake kiran na gaba a asibiti. Kullum da yamma sai su rarrabu rukuni-rukuni suna gwada duba mara lafiya a jikin juna, suna ta dariya. Ni kuwa in zauna can baya, da an tashi in riga kowa fita. Jira nake su gayyace ni, amma na ɗaure fuska yadda ko ni ba zan iya gayyatar kaina ba.

To tunda ba abokin gwaji, sai na yi wa kaina. Na ɗauki dogon filona na sa masa tsohuwar jallabiya da hula, na kwantar da shi, na raɗa masa suna Baba. In fita waje, in yi sallama, in gabatar da kaina, in nemi izini, in murza hannuwana su yi ɗumi, in tsaya ta damansa, duk yadda ake ba da maki. Da farko in na yi tambaya sai in yi shiru, kamar ana ba ni amsa. Shirun nan ne ya gagare ni, na fara amsawa da kaina da muryar tsoho. Kafin ka ce me, Baba ya yi hali. Manomi ne, mai mita, ciwonsa kullum a dama yake, kuma da na danna cikinsa sai ya ce, "Wash! A hankali likita, cikin nan ba naka ba ne." Wani lokaci ko an gama gwaji mukan ɗan taɓa hira. (A shekarar nan Baba ne kaɗai a Tirwun ya taɓa tambayata ko na ci abinci. Na san ni na tambayi kaina, amma dai an tambaya.)

Ranar jarrabawa ta zo. An jera gadaje an raba su da labule, ana kaɗa ƙararrawa ka shiga, a sake kaɗawa ka fita. Na ɗaga labulen da aka nuna mini, sai ga dattijo kwance, siriri, mai farin gemu, sak yadda nake ganin Baba Filo a zuci. A gefe ga Farfesa Saratu zaune, babbar likitar tiyata wadda ba a taɓa ganin haƙoranta ba, kusa da ita kuma baƙon malami daga wata jami'a wanda ba ya jin Hausa.

Abin mamaki, ban ji tsoro ba. Na yi sallama, na gabatar da kaina, na nemi izini, na murza hannu. Komai na tafiya sumul, ji nake kamar ina ɗakina na Tirwun. Ashe nan gizo ke saƙar.

Na ce, "Baba, ina ne yake maka ciwo?"

Kafin bawan Allah ya buɗe baki, na ji an ce, "Nan ne likita, nan ta dama."

Na gyaɗa kai cike da tausayi. "Sannu Baba. Tun yaushe?"

"Ai tun kafin damina ta sauka."

Na ɗora hannu a cikinsa na danna, na kuma ƙwalla da muryar nan mai rawa, "Wash! A hankali likita, cikin nan ba naka ba ne!"

Sai wurin ya yi tsit. A shirun nan ne na gane daga bakin wa maganar take fitowa. Dattijon ya ɗago kai ya dube ni, ya dubi Farfesa, ya sake dubana.

Ya ce, "Ɗan nan, to ni me ya rage in ce? Ka cinye mini maganata duka. Kuma ni nawa a hagu yake."

Baƙon malami ya karkata yana tambayar me ke faruwa. Farfesa ta ɗaga masa hannu, ta sauke tabarau, ta ce da ni a hankali, "In ka sallami wancan majinyacin naka, ga namu nan yana jira."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na tuna Inna, na tuna matan da za su dawo jaje zagaye na biyu, wannan karon na gaske. Ƙafata ta fara neman hanyar labule. Ban san abin da ya riƙe ni ba, sai dai na ji kaina na durƙusa bakin gadon na ce, "Baba, ka yi haƙuri, na yi maka rashin ladabi. Faɗa mini da bakinka." Na kama bakina gam, ya yi ta bayani, ni kuma ina saurare. Na duba hagun, na sami abin da ake so a samu, amma ban kai ƙarshe ba aka kaɗa ƙararrawa.

Daga nan keke na hau zuwa kasuwar Wunti, na sayi masa, wato waina, na zauna ina kallonta har ta huce. Abin da ya fi cina, ba ni da ko mutum ɗaya da zan ba labarin.

Ashe labule ba ya tare murya. Washegari muna jere a benci muna jiran jarrabawar baka, sai wani daga can ƙarshe ya ce a hankali, "Wash!" Benci ya kwashe da dariya. Na yi niyyar ɗaure fuska, sai na ji ni ma ta kuɓuce mini, na yi ta yi har da hawaye. Wata 'yar ajin mai suna Rifkatu ta matso ta ce, "Cif, don Allah wane ne wannan tsohon?" Na ba su labarin Baba Filo, da jallabiyarsa da hularsa. Kowa na riƙe ciki, ban da ita.

Ta ce, "Haba Cif. Tun farkon shekara rukuninmu mutum ɗaya ba ya samun abokin gwaji. Sau nawa muka ce a yi maka magana? Kowa ya kalli fuskarka sai ya fasa."

Wannan ta fi ta jiya shiga jikina. Shekara guda ina hira da auduga, ashe ga kujerata nan ba kowa a kai.

Na ci jarrabawar da ƙyar da siɗin goshi. Farfesa Saratu ta tare ni a baranda ta ce, "Haƙurin da ka ba dattijon nan ka sake daga farko, shi ya cece ka. Ka koyi yin shiru." Ran nan da kaina na kira Bulus, na yi masa barkar da ta kwana shekara.

Yanzu in na tambayi mara lafiya inda ke masa ciwo, har cije leɓe nake yi in jira. In kuma na hango ɗalibi mai maimaita aji ya rakuɓe a baya ya haɗe rai, ba na jiran fuskarsa ta ba da hanya, kujera nake ja in zauna. Na san yana da filo a gida, kuma na san filo ba ya taɓa ce maka a hagu ne.