Kocin Doma

Ƙanena Sadiku yana buga wa ƙungiyar unguwarmu ƙwallo, ko in ce yana yi musu gadin benci. Kullum da ƙorafin koci yake dawowa gida. Ban taɓa ganin mutumin ba, amma tuni na yanke masa hukunci.

Ranar wasan kusa da na ƙarshe da 'yan Doma na iso fili a makare, aka ce mini ci ɗaya da nema. Ban tsaya tambayar wa ke da ɗayan ba. Na hango wani mai tumbi da usur a wuya, na nufe shi. Da ban ga Sadiku a bencinsa ba, na ɗauka yau ko bencin ma an hana shi.

"Malam, kai ne kocin? Wallahi korarka ya kamata a yi. Ana cin ka, ka bar yara masu ƙafa a zaune kamar masu jiran mota."

'Yan kallon wajen suka amsa, "A kore shi! Faɗa masa, anti." Kaina ya daɗa kumbura. Ko yaren Alago na mutanen Doma da suke yi tsakaninsu bai farkar da ni ba.

Mutumin ya dube ni, ya dubi bencin, ya ta da wani dogon yaro. Yaron ya zura biyu. Ina cikin tsalle na hango Sadiku a ɗaya bencin, ya dafe kai.

Ashe mu ne da ɗayan. Aka fitar da mu.

Har yau in na tsai da okada a unguwa, sai ya ce, "Koci, Doma za mu?"