Jatau da Ƙyauren Ɗakin Baba Nomau

A wani ƙauye na ƙasar Gobir akwai gidan Baba Nomau, tsoho mai tsaga a kumatu, da jikokinsa biyu: Sahabi mai shagon buga takardu, da ƙanensa Jatau, wanda duk abin da aka ce masa yakan yi shi daidai, ba ragi ba ƙari. Tsohon ya kwanta ciwo, abu ɗaya yake roƙo: babban hoton da zai nuna tsagarsa, don jikokin da ba a yi wa ba su san fuskar gidansu. Hotunan waya kuwa, da an faɗaɗa su sai fuskar ta dagule kamar kunu. Sahabi ya yanke shawarar sayen kyamara.

Wata rana ya aiki Jatau Sakkwato, ya ce kada ya yarda da maganar mai kanti sai ya gani a takarda. Mai kantin, Alhaji Buhari, ya ce masa ga kujera. Jatau ya ƙi zama. Alhaji ya ce masa an kira azahar, Jatau ya ce a rubuta. Ya dawo gida hannu wofi, yana alfaharin ba a cuce shi ba.

Wata rana aka sake tura shi, aka ce ya gwada kyamarar a fuska mai tsaga tukuna. Ya fita da ita bakin titi, ya tare wani mahauci, ya kama haɓarsa ya juya ta wajen haske. Mahaucin ya kwaɗa masa mari. Jatau ya ce ya ji, amma saura ɗaya kumatun.

Wata rana jikin tsohon ya tsananta. Sahabi ya ce wa Jatau ya gaya wa Alhaji hoton girman ƙyauren ɗakin Baba ake so, ya nuna masa daidai. Jatau ya ɓalle ƙyauren, ya ɗaure a saman mota, ya jingine shi a tsakiyar kanti.

Alhaji ya miƙo wata 'yar kyamara mai ƙyalli, ya ce lambar da ke jikin kwalinta ta fi ta kowacce girma.

"Alhaji, ba kwali za mu rataya ba," in ji Jatau. "Buga ya cika ƙyauren nan."

Ya zauna a ƙasa, ya ce shi da ƙyaure ba inda za su. Masu saye suka taru. Dole aka ɗauki hoton wani mai tsaga da ita, aka kai gidan buga hoto, fuska ta fito a dagule. Alhaji ya janyo wata baƙa mai nauyi daga ƙasan kanta. Ita ta fitar da kowane layi.

Jatau ya sayo ta. Kashegari Sahabi ya ɗauki Baba da ita, aka bugo hoton. Tsohon ya bi tsagar da yatsa har ƙarshe, bai rasa ko ɗaya ba. Sannan ya ce iska na damunsa, ina ƙyaurensa.

"Yana Sakkwato, Baba," in ji Jatau. "Cewa aka yi in nuna, ba wanda ya ce in dawo da shi."