Tambarin Da Na Aro Daga Kabari

Ko lambar iƙamata, wato katin zamana a Saudiyya, za ta ɓace min, ba zan taɓa mantawa da walimar sunan ɗana na fari a Riyadh ba.

Surukina, Alhaji, mutum ne mai son zancen asali. In ya fara jero kakanninsa da sarautun da suka riƙe, sai shayi ya huce bai kai rabi ba. Ni kuwa gidanmu ko mai unguwa ba a taɓa yi ba, kuma abin ya daɗe yana ci min rai. Da na ji zai biyo ta wajenmu bayan Umara don ya halarci suna, sai na ce to, wannan karon sai ya san 'yarsa ba gidan banza ta shiga ba.

Dabarar da ta zo min ita ce tambari. Na shiga intanet na yi ta lalube har na samo hoton wata garkuwa da aka sassaƙa a jikin dutse, irin ta manyan gidajen Jamus na da. Akwai rubutu a ƙasa, ban tsaya karantawa ba (injiniya guda, ku ji fa). A tsakiyarta ga wata dabba ta yi rigingine, ƙafafu huɗu a sama. Na ce madalla, ragon suna ke nan an kayar. Na kai wa wani mai ɗab'i a kasuwar Batha ya buga min a jikin kofuna da jakunkunan rabo, da sunan yaro a ƙasa da ruwan zinare.

Ranar walima na kama hayar istiraha, wato gidan biki, a unguwar Shifa, aka jera farantan kabsa, shinkafa da nama irin ta Larabawa. Bayan la'asar na miƙa wa Alhaji kofi da hannu biyu. Ya juya shi, ya ce, "Injiniya, wannan fa?"

"Tambarin gidanmu ne, Baba," na ce, ko ƙiftawa ban yi ba. "Tun kaka da kakanni."

Ya gyaɗa kai a hankali. Wallahi daɗin da na ji a lokacin ko ranar da na sami biza ban ji irinsa ba.

Kuskurena ɗaya, na gayyaci Helmut, wani dattijon Bajamushe da muke aiki tare. Shekara uku ina zaune kusa da shi ban san cewa tarihin tsofaffin gidajen ƙasarsu shi ne abin da ya fi ƙauna a duniya ba. Yana karɓar kofi ya zabura, ya kife shi a tafin hannu, ya gyara tabarau. Ya ce ai ya san wannan garkuwa! Ya faɗi sunan gidan, wani dogon suna da har yau harshena ya ƙi ɗauka.

Alhaji ya tambaya me Bature ke cewa. Abokina Dakta Sani, wanda ba a taɓa neman taimakonsa ya ƙi ba, ya matso ya zama tafinta. Na yi ta taka masa ƙafa, ya janye ƙafar ya ci gaba.

"Baba, ya ce masu wannan tambari sun yi ɗaruruwan shekaru suna riƙe da wata ganuwa a bakin kogi. Ya ce na ƙarshensu ya mutu bai bar ɗa ba. A al'adarsu in haka ta faru, sai a sassaƙa garkuwar a kife a kan kabarinsa, don kowa ya san zuriyar ta ƙare ƙurmus."

Ni da ke bikin samun magaji, na raba wa mutane shaidar ƙarewar zuriya, har da jakar ɗauka.

"To ragon fa?" in ji wani daga baya.

Helmut ya ɗaga kofin a kife, dabbar ta miƙe a kan ƙafafunta, ga haure biyu sun fito zaƙo-zaƙo. Dakta ya yi gyaran murya, ya ce, "Baba, ya ce aladen daji ne."

Sai ka ji ƙwas, ƙwas, ana ajiye kofuna. Wani malami da ya riga ya sha shayi a nasa ya tashi neman famfo. Ni dai gumi ya jiƙa min malum-malum, ga na'urar sanyaya ɗaki tana aiki.

Alhaji bai yi dariya ba. Da jama'a suka ragu ya kira ni gefe, ya ce, "Injiniya, na san mahaifinka. Shekara da shekaru yana gyara min keke a bakin kasuwa, bai taɓa yi min ƙarya ba. Shi na duba na ba ka 'yata. Me ya yi maka da za ka je maƙabartar Turawa neman wani?"

Kunyar aladen ba ta kai ta wannan tambaya ba. Na sunkuyar da kai.

Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni asalina nakan ce ɗan mai gyaran keke ne ni, kuma in faɗa da ƙarfi. Ashe wannan amsar ba ta buƙatar tafinta.