Ranar Da Na Kira Lauyan Birmingham A Gaban Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba da na yi a falon Baba Bulus a unguwar Longsight ta Manchester ba, ko da kuwa na so in manta. Lokacin ina digiri na biyu a fannin shari'a a Birmingham, ina zaune a wani gidan haya na ɗalibai a Selly Oak, ina kuma neman auren 'yarsa Rifkatu. Wata biyar kacal da zuwana ƙasar, amma yadda nake magana sai ka rantse ni na rubuta musu dokokinsu.

Baba Bulus tsohon soja ne daga Kafanchan. Ya daɗe yana aiki da council, wato ƙaramar hukumar garin, sai aka shiga shekarun tsuke bakin aljihu aka sallame su, har laburaren da yake zuwa karanta jarida aka rage wa kwanakin buɗewa. Ya zama ba shi da aiki sai hira. Wata rana muna cin tuwo ya ce ba abin da yake kewa kamar ya sake riƙe irin bindigar da ya riƙe a soja, ko da a filin atisaye ne, amma dokar nan ta haramta.

Da na yi shiru da an wuce wurin. Sai na goge baki na ce, "Baba, ai akwai hanya. Trust ake kafawa."

Na bayyana masa cewa takardar amana ce ta shari'a: ita ce za ta mallaki bindigar, shi kuma a rubuta shi a matsayin mai kula da ita. (A intanet na gani, rabin shafi na karanta, saura na cike da ƙarfin hali.) Ya kalle ni ya ce, "To, Barista, sai ka yi mana."

Ina komawa gida na shiga intanet na rubuta neman lauyan irin wannan aiki a Birmingham. Nan take wani ofishi ya fito. Na cike fom, suka ba ni ƙarfe goma na safe ranar Laraba a waya. Na hau jirgin ƙasa zuwa Manchester, na ɗauki bas a Stockport Road, sanye da kwat ɗin da na ajiye don bikin kammala karatu.

Ƙarfe goma na kira, ba a ɗauka ba. Lambar ta yi mini tsayi, amma na ce ƙila manyan ofisoshi haka suke. Na ce, "Baba, ka ga illar tsuke aljihun nan, har lauyoyi ba su da ma'aikata." Muka yi ta jira har ƙarfe huɗu na yamma, sannan wata mata ta ɗauka. Na sa waya a lasifika don kowa ya ji. Mama, matar Baba Bulus, ta fito daga kicin, Rifkatu ta tsaya a bakin ƙofa.

Matar tana jan magana a hankali, wani irin Turanci da ban taɓa ji a titinmu na Bristol Road a Birmingham ba. Ta ce ina kan lokaci daidai. Ta tambaye ni gundumar da nake, na ce West Midlands. Sai ta nemi lambar unguwa. Na fara karanto mata haruffa. Ta katse ni cikin ladabi ta ce, "Yallaɓai, nan fa Birmingham ta Alabama ce, a Amurka. Dokarmu ba ta aiki a Ingila."

Na gode mata har sau uku, ban san dalili ba. Gumi ya jiƙa kwat ɗin.

Can Baba Bulus ya gyara zama ya ce, "Barista, Alabamar nan, bas mai lamba nawa ake hawa?"

Mama ta ruga kicin, muna jin dariyarta tare da ƙarar tukwane. Rifkatu ta rufe fuska da labule. Ni kuwa a raina na gama sallama da auren.

Da zan tafi ya raka ni bakin titi. Ya ce, "Ɗana, tun shekarar da na zo na tambayi 'yan sanda. Wannan bindiga ba takardar da za ta ba ni ita a ƙasar nan. So nake in ga inda za ka tsaya."

Na ce, "Ku yi haƙuri, Baba. Ban sani ba."

Ya dafa kafaɗata ya ce, "Yawwa. Wannan kalmar nake jira tun muna cin tuwo. Ka turo manyanka."

An yi bikin, yaranmu biyu yanzu. Har yau dangin matata ba su san ni da wani suna ba sai Barista Alabama, kuma haka fasto ya kira ni a coci ran ɗaurin aure, a zatonsa sunan kakana ne. Abin da na koya shi ne, kafin ka ba suruki shawara, ka karanta adireshi har ƙarshen layi.