Sunan Ɗan Fari a Lasifika

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da zaman sulhun da na jagoranta a Madarumfa ba. Wani foroje, wato shirin agaji na Turawa, ne ya ɗauke ni aiki, aka kai ni Yamai aka koya mini sasanta mutane (ni da ko faɗan ƙannena ban taɓa rabawa ba). Na dawo da riga mai hoton kurciya, kai ya kumbura kamar kabewa.

Rigimar kuwa ba ta wasa ba ce. Manoman wani ƙauye wajen Safo suka nome burtalin da shanu ke bi zuwa tabki, aka yi faɗa, aka kashe ɗan farin Arɗo, shugaban makiyayan. Da ƙyar dattawa suka lallaso tsohon ya zo. In ya ce ya yafe, a buɗe burtali kowa ya huta. In ya ƙi, to, sai abin da Allah Ya yi.

Madam, Baturiyar da ke shugabantarmu, mutuniyar kirki ce wallahi. Ta ce a ƙasashen da ta yi aiki bayan yaƙi, sai wanda aka zalunta ya ambaci mamacinsa, ya amayar da abin da ke ransa, sannan zuciya ke sanyi. Ta tambaye ni ko hakan zai yi a nan. Na sani sarai Bafulatani ba ya kiran sunan ɗan fari ko a ɗakinsa, balle ya yi kukansa a bainar jama'a. Innata ma har yau ba ta faɗin sunan yayanmu. Amma ina son a ce na waye, sai na ce ai zai yi mana.

Na miƙe, na kai lasifika bakin tsohon, na ce, "Baba Arɗo, faɗa mana sunansa, da yadda ka ji ranar."

Makiyayan suka kau da fuska. Hatta manoman suka sunkuyar da kai. Ni kuwa sarkin iyawa, na zaci bai ji ba, na maimaita da ƙarfi.

Ya ja rawani ya rufe baki, ya ce a hankali, "Yaro, na zo ne in yafe. Ban san sai an tuɓe ni tukuna ba." Ya ɗauki sandarsa ya fita, mutanensa suka bi shi.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Madam na tambayata me ya faru, Faransancina ya gudu ya bar ni. Kafin kaka makiyayan suka kwashe shanunsu suka bar yankin, kuma Arɗo ya rasu can a hanya, bai furta yafiyar ba. Wannan yana cin raina har gobe.

Darasin dai shi ne, in baƙo ya tambaye ka al'adar garinku, gaya masa gaskiya. Shi jirgi zai hau ya koma gida. Kai ne za ka shiga kasuwa mahauta na kiranka Malam Faɗa-mana-sunansa.